Kar Ka Ce Mini Lafiya Lau

Ainu Shams, Alƙahira

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sararin sama, ya tsare ka a bayan doki. Da addu'a na fara, domin duk fushin da nake yi ni ubanka ne, kuma ba za ka hau jirgi babu addu'ata a bayanka ba.

A nan ne mai wasiƙa yake rubuta cewa yana fatan kana lafiya kamar yadda suke lafiya. Ba zan rubuta ba. Ba ka da lafiya, mu ma ba lafiya muke ba, kuma wannan kalmar ce ta zaunar da ni ina ɓata takarda maimakon in yi maka magana baki da baki kamar kowane uba. Ka buga mini ƙofa ka fita, ka je Hadayik al-Ma'adi ka ɓuya a ɗakin abokina Ammu Idris, ka kashe waya. Layin jirgin ƙasa na metro ɗaya ne tsakaninmu, ko canji babu, amma ba zan zo ba don na san halina. In na gan ka zan sake ɗaga murya, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce "to", mu tashi ba a ƙulla komai ba. Yayarka Safiya ce za ta kawo maka wannan. Ka karanta ta har ƙarshe kafin Juma'ar da za ka tashi. Na san Larabci ya fi maka sauƙin karatu, da gangan na yi ta da Hausa, ka zauna ka sha wahalarta.

Bari in maimaita abin da ya faru, don kar gobe ka ce tsoho ya ƙara gishiri. Ka faɗo daga kan doki wajen tsallake a gonar dawakin maigidanka Basha da ke hanyar Saƙƙara, kuma a ka ka faɗi. Ba ka gaya wa kowa a gidan nan ba. Ka dawo ka ce ka gaji, ka kwanta. Uwarka ta ji kana amai, ka ce mata waken da ka ci a hanya ne. Ni ina kusa da kai a sahu ka ɗago daga ruku'u ka dafa bango sai ka ce tsoho. Rannan kana zuba mini shayi ka tsiyaye rabi a faranti, alhali idonka yana kan kofin. Na ce yaya jikin, ka ce lafiya lau, na ƙyale ka. Sai da uwarka ta taka kujera za ta sauko maka da akwati daga kan kwaba, ta ci karo da hular kwanonka a naɗe cikin tsohon zane, a tsage tun daga goshi har ƙeya.

Na ajiye hular a tsakaninmu na sake tambayarka.

"Nasiru, yaya jikin?"

"Lafiya lau, Baba."

"Dubi hular nan ka sake faɗa."

"Wallahi tamam, ya Baba. Khalas, ya wuce. Ai hular ce ta sha bugun."

"Kana ganin abu biyu-biyu ko ba ka gani?"

Ka sunkuyar da kai kana murza yatsu. Uwarka ta ce, "Malam, ma'alish, a bi shi a hankali." Ni kuwa na ɗauki kofin shayi na maka shi a bango. Ban kyauta ba da na yi haka a gabanta, kuma na ba ta haƙuri. Kai ban ba ka ba, ba kuma zan ba ka ba, domin har yanzu da nake rubutun nan ban huce ba.

Kar ka ɗauka tafiyar nake ƙi. Ni na ɗora ka a kan sirdi tun ƙafarka ba ta kai likkafa. Ranar da Baturiyar nan ta Zamalik, wadda take zuwa hawa a gonar Basha, ta ce yayanta yana horar da dawaki a ƙauyensu can Ingila, kuma ta aika masa hotunan hawanka ya ce a kawo ka, sai da na zagaye Ainu Shams ina ba da labari har mai gyaran takalmi ya gaji da ni. Na san abin da ka bari a nan. Tun shekarar da masu zanga-zanga suka cika dandalin Tahrir baƙi 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, dawakin da ake hawa a gindin dalar Masar sun zama ƙashi da fata, masu barga suna sallamar mutane, wanda ya iya hawa yana tuƙa tuktuk, adaidaita-sahun nan na Masar. Ba ni da abin da zan riƙe ka da shi a garin nan. Ka tafi, ni ma da na samu a shekarunka da na tafi.

Amma na ga filin. Kai da kanka ka nuna mini a waya kana ta washe baki. Filin sukuwa ne a tsakiyar karkara, tumaki na kiwo a gefe, manoma tsaye cikin ruwan sama da manyan takalma, ƙasa duk ta zama taɓo. Ba irin tsallaken da ka sani ba ne, na doki ɗaya a cikin da'ira, sanduna masu faɗuwa da an taɓa su, kowa ya yi tsit yana tafi a hankali. Can tsere ne. Dawaki a cunkushe, kafaɗa na gogar kafaɗa, suna sukuwa kan shingen da ya kai ƙirjin mutum, wani da rami a gabansa, wani da ruwa a bayansa, su zagayo su sake zagayowa har ƙafafunsu su mutu, sannan a ce ga wani shingen. Wanda ya faɗi, na baya ba su da wurin kaucewa. Kai kana nuna mini wanda ya zo na ɗaya, ni kuwa idona yana kan farar motar da take bin su a gefen fili. Na ce wannan fa? Ka ce motar asibiti ce, haka ake yi. Tun kafin kowa ya faɗi tana biye da su. Masu filin nan ba su ɓoye wa kowa irin aikin da suke yi ba, kai ne za ka je musu da ɓoye-ɓoye.

Kai ka gaya mini, kana alfahari da tsarinsu, cewa da ka sauka likita zai duba ka kafin a ba ka doki, zai tambaye ka ko ka taɓa bugewa a ka. Na san amsar da ka tanadar masa. Ka riga ka gwada ta a kaina ta yi aiki, ka gwada a kan uwarka ta yi aiki. To wannan ce kaɗai maganar da ke cikin wasiƙar nan, sauran duk rakiya ce. Mutumin da kansa bai warke ba, idan ya sake bugawa, ba kullum yake tashi ba. Mai ganin kofi biyu zai ga shinge biyu, kuma dokin da ke ƙarƙashinsa hannunsa yake saurare don ya san lokacin da zai tashi.

Kana ganin ban san daga inda ka samo wannan hali ba? Daga wurina ka samo shi. Ba sirri zan tona maka ba, duk Hausawan Ainu Shams sun san tarihina, kai ma ka ji shi guntu-guntu. Yau dai za ka ji shi a jere.

Karatu ya kawo ni Masar, ba doki ba. Mahaifina ya sayar da abin da ya sayar, gari ya rako ni tasha, ana cewa Haruna zai dawo malami. Na zo nahawu ya kayar da ni, na tashi ya sake kayar da ni, tallafin karatu ya tsaya. Abin da na iya tun ina yaro shi ne doki, don kawuna dillalin dawaki ne a kasuwar Maigatari, sai na bi wani ya kai ni barga na zama sayis, wato mai wanka da share kashi da ba da harawa. Aikin ya karɓe ni, ni ma na karɓe shi. Amma duk wasiƙar da na aika gida abu ɗaya take cewa: karatu lafiya lau, malamai suna gaishe ku. Kakanka yana sa a karanta masa a zaure gaban mutane. Shekaru ana haka, har wani ɗalibi ɗan garinmu ya koma ya faɗi gaskiya, ba da mugunta ba, shi ya ɗauka an sani. Na yi ta jiran zagi. Sai ga kaset ya aiko, muryarsa a kwance kamar ba komai. Ya ce, "Haruna, kiwon doki ba abin kunya ba ne. Abin da ya dame ni, duk shekarun nan ina tashi ina roƙa maka buɗin karatu, ashe ba shi kake yi ba. Da ka faɗa mini, da na roƙa maka tsari daga harbin doki." Bai ƙara ko kalma a kai ba, ya shiga ba ni labarin damina. Ya rasu ban sake ganinsa ba.

Ka riƙe wannan. Wanda ka ce wa lafiya lau alhali ba haka ba ne, ba hankalinsa ka kwantar ba, hannunsa ka ɗaure. Mai addu'a ba zai san abin da zai roƙa ba, mai magani ba zai san inda zai shafa ba. Ni na ɗauka ladabi nake yi wa ubana, ashe mayar da shi na yi abin dariya a zaurensa.

Da na yi hankali daga nan, da an gama. Ban yi ba. Yanzu ɗaga kanka ka dubi mutumin da ya shimfiɗa maka tabarma a ɗakinsa. Dubi keken guragun da yake zaune a kai. Kai ka tashi ka gan shi a haka, kana ce masa Ammu Idris mai ba da alawa, an ce maka doki ne ya kayar da shi. Ni na san shi yana tafe da ƙafafunsa. Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, siriri kamar kai, kuma ban ga mai taushin hannu a kan linzami irinsa ba, har kai ɗin. Shi yake hawa, ni nake kula da goɗiyar. Kili ce, fara sol, mai zuciyar tsiya. Irin dokin nan ce da ko ƙaya ta taka ba za ta yi ɗingishi a gaban mutane ba. Idris yakan ce ita ma Bahaushiya ce.

Ranar da za a gwada ta a gaban masu saye, da safe na shafa ƙafafunta kamar kullum, na ji ɗumi a bayan ƙwaurin hagu na gaba. Ba zafi sosai ba, ɗumi ne, da ɗan kumburin da sai hannun da ya saba zai ji. Na san abin da yake nufi. Na ce bari maigidan ya zo in gaya masa. Ba wannan Bashan naku ba ne, wani ne, ya daɗe da rasuwa. Sai ga shi ya shigo da baƙi, manyan mutane, ana ta dariya da ƙamshin turare. Ya dafa wuyan goɗiyar, ya juyo ya tambaye ni da Larabci yaya take. Bakina ya riga kaina. Na ce, "Tamam, ya Basha," wato lafiya lau.

Ka san yadda aka rene mu. Babba ya tambaye ka yaya kaza, gaisuwa ce, amsarta lafiya. Ba a tarar babba a tsaye gaban baƙinsa da mummunan labari. Sai an watse, ka zagayo ta gefe, ka durƙusa, a sake gaisawa, sannan ka ce "sai dai kuma". Niyyata ke nan, wallahi, ina jiran a watse. Ba a watse ba. Basha ya tafa hannu ya ce yalla, a ɗaura sirdi. Na ɗaura. Na kama ƙafar Idris zan ɗaga shi, ya sunkuyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, da harshenmu, yadda ba wanda zai ji, "Haruna, lafiya dai ko?" Baƙi suna kallona, Basha yana kallona. Na ce, "Lafiya lau."

Ta tsallake shingen farko da na biyu kamar ba ta taɓa ƙasa. Har na fara cewa a raina ƙila ni ne na cika tsoro. A babban ne, da ta dira, na ji ƙarar daga inda nake tsaye, kamar an karya busasshen kara. Ta kifa, Idris ya wuce ta kanta, ta biyo shi ta danne. Ita a wurin aka harbe ta, ni na riƙe ragamar. Shi kuma aka ɗauke shi a kan ƙyauren barga.

Na yi ta zarya asibiti ina kai masa abinci, ba ya ce mini komai sai sannu. Ranar da likita ya gaya masa ƙafafun ba za su dawo ba, ya sa aka fita aka bar mu. Na ɗauka zai tsine mini, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Basha da Larabci ya tambaye ka, wannan na gane. Ni fa da Hausa na tambaye ka." Daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Shi ya yi maka huɗuba da aka haife ka. Duk Juma'ar da na tura kekensa zuwa masallaci, maganar nan tana tafe tare da mu.

To ka ji. A barga tambaya ba gaisuwa ba ce. Idan mai horarwa ya ce yaya dokin, ƙafar doki yake tambaya, ba ladabinka ba. Idan likita ya ce yaya kanka, ba sannu da zuwa yake yi maka ba. Ka faɗa a tsaye, gaban kowa, ko da wa ake tare, ko ranka ya ce ba yanzu ba. Kunyar da muke taƙama da ita tana da wurinta, ka yi ta a gaban surukai, ka yi ta a wajen cin abinci. Kar ka kai ta gindin shinge. Kuma ka lura, ni ƙafar doki na ɓoye, wani ya biya. Kai in jiri ya ɗebe ka a tsakiyar tsere, akwai 'ya'yan mutane a bayanka da ba su san komai ba, akwai dokin da aka ba ka amana. Wa ya ba ka izinin yin caca da wuyansu?

Laifina na uku shi ya fi ci mini rai, don a kanka na yi shi. Kana ƙarami na kai ka barga, na ɗora ka a kan wani ɗan baƙin doki, akawal mai taurin kai. Ya yi tutsu ya watsar da kai. Ka tashi kana riƙe da hannu, bakinka ya fara rawa. Sayis-sayis ɗin Masar suna zaune a kan buhunan dusa suna kallo, irin kallon nan na bari mu ga ɗan baƙin. Ni kuma ba na son su yi mana dariya. Na tsaya a kanka na ce, "Me ya same ka?" Ka ce hannunka. Na ce, "Ban ji ba. Me ya same ka?" Ka haɗiye kukan, ka ce, "Ba komai, Baba. Lafiya lau." Na ce madalla, na mayar da kai kan sirdi. Sai washegari da hannun ya kumbura uwarka ta kai ka aka ce tsagewar ƙashi ce. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Ni kuwa, don rashin hankali, na mai da abin labarin alfahari. Ka sha jina ina ba baƙi: ɗana da karyayyen hannu ya gama hawa bai yi kuka ba. Kana zaune kana ji, kana murmushi. Ni ɗin da na ɗauki Idris a kan ƙyaure ni ne nake wannan baki.

Don haka da ka dube ni rannan, hula a tsage a gabanka, ka ce lafiya lau, muryata na ji. Rabin kofin nan da na fasa kaina na jefa. Amma kar ka samu wurin fakewa a nan, ka ce ai Baba ne ya koya mini. Na koya maka, yanzu na ce ka ajiye. Kai ba yaro ba ne, gemu gare ka. Abin da na yaba maka a kai ranar nan ba jarunta ba ce, tsoron dariyar mutane ne, nawa ba naka ba, kuma mutanen da na ji wa tsoron ko sunayensu na manta.

Sauran nasiha kaɗan ce, ba ni da zuciyar tsawaita ta. Za su so ka rage nauyi, kar ka kashe kanka da yunwa don ka burge su, mai jin yunwa hannunsa ba ya riƙe linzami. Sanyin can ba irin na Alƙahira ba ne da ake kora da shayi, uwarka ta sa maka rigunan ciki, ka sa su ko za a yi maka dariya. Ranar sanyi gajeriya ce a can, an ce azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, ka san yadda za ka yi da sallarka tun kafin aiki ya shanye ta. Ka shafa ƙafar kowane doki da hannunka kafin ka hau, ko wa ya ce maka ya duba. Filin nan da caca yake rayuwa, za a yi ta jan ka gefe ana saya maka abin sha ana tambayarka wane doki ne yake da ƙarfi a bargarku. Nan ne kaɗai na yarda ka yi irin shirun da ka iya.

Yanzu ga inda muka tsaya. Baturiyar ta ba ni lambarta ranar da ta zo gaishe mu, ta ce in akwai wani abu in kira. Uwarka tun rannan take bina da waya a hannu, tana cewa, "Malam, ka kira ta mana. Gara ya zauna a gabanmu yana fushi da a kawo mana shi a akwati." Na ɗauki wayar na ajiye ban san sau nawa ba. Na san in na kira, ƙila tafiyar ta rushe gaba ɗaya, su ce yaron da ya ɓoye wannan me kuma zai ɓoye. In kai ka faɗa da bakinka a gaban likitansu, ƙila su ajiye ka kana share barga har kan ya warke, ƙila su ɗauki hoton kan su ce ba komai, ƙila kuma su sa ka a jirgi su dawo da kai. Ban sani ba, ba kuma zan yi maka ƙaryar cewa na sani ba. In sun dawo da kai, ɗakinka yana nan, ni zan je filin jirgi in ɗauko akwatinka a kaina, duk wanda ya yi dariya a Ainu Shams ya zo ya same ni.

Ba zan kira ta kafin ka tashi ba. Na bar maka wannan, don maganar taka ce, kuma ina so ka zama mutumin da ni na kasa zama a gaban Basha. Amma ranar da ka ga likita za ka kira ni, ka gaya mini abin da ya tambaye ka, da abin da ka ce, da abin da ya ce. Zan ce maka yaya jikin. In ka ce jiri ya ragu amma yana nan, zan ce alhamdu lillahi. In ka ce sun hana ka hawa kana jin kamar ka mutu don baƙin ciki, zan zauna in saurare ka har kuɗin wayar ya ƙare. In kuwa ka ce mini lafiya lau, ba zan ƙara kalma ba, zan kashe in kira ta. Ka tsane ni in ka ga dama. Na yarda ka tsane ni kana tafe da ƙafafunka, don na riga na tura keke ɗaya, ba zan tura na biyu ba.

Kafin ka bar ɗakin nan, ka nuna wa Ammu Idris wasiƙar nan, ko ka karanta masa. Ban taɓa faɗin abin da ya faru da safiyar nan a gabansa da bakina ba. Ka tambaye shi ko na rage wani abu.

Saura abu ɗaya. Tun kana yaro kullum da safe kake durƙusawa ka ce, "Baba, an tashi lafiya?" in ce lafiya lau, ko da kuwa ban runtsa ba. Kwanakin nan ba wanda ya tambaye ni, to bari in amsa ba a tambaya ba, don ka ga yadda ake yi. Ba a tashi lafiya ba. Uwarka ba ta cin abinci, tana ninke kayanka tana warwarewa. Bayana yana ciwo tun bara, ina ɓoyewa don kar a sallame ni daga aiki. Ina fushi da kai fushin da ban taɓa yi da wani mahaluki ba. Kuma tsoro nake ji, Nasiru. Ina jin tsoron motar nan fara. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa gaya wa kowa ina jin tsoro ba, ga shi na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo mini ba.

Hular tana nan a kan tebur inda na ajiye ta. Na hana a ɗauke, a gefenta muke cin abinci, kuma a nan za ta zauna sai ka kira.

Kakanka ya yi shekaru yana roƙa mini abin da ba shi nake bukata ba. Ni ko ba da sonka ba, na san abin da zan roƙa. Allah ya warkar da kanka, ya mayar maka da ganinka ɗaya. Allah ya sauke ka lafiya, lafiyar gaske. Ya tsare ka daga taɓo da shinge da kofaton na baya, ya tsare waɗanda za su yi tsere a gefenka, ya tsare dabbar da za ta ɗauke ka. Allah ya kwance maka harshe a gaban likita, ya ba ka ƙarfin faɗin inda yake maka ciwo. Amin.

Uwarka tana gaishe ka. Ta ce ka kunna waya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna